Mai Duba wa Awwad Rairayi

Mijina Awwad ya bar raƙumi ya kama Toyota yana ɗan shekara talatin. Tun daga nan yake kwasar baƙi masu son yawon ƙafa da kwanan tanti a hamadar Wadi Rum. Ba ruwansa da ma'aunin iska. Ya rage wa taya iska, ya danna da dunduniya, shi ke nan. Rairayi kuwa da launi yake gane shi: mai duhu ya ɗauki mota, mai haske ya haɗiye ta. Shekara arba'in bai taɓa kafewa ba, kuma babu wanda bai gaya wa ba.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Babban ɗanmu Zayid ya ce, "Baba, duk ranar da ka kafe da baƙi, makulli ya dawo hannuna."

"Kafin ranar ka yi furfura," in ji Awwad.

Washegari ya ce in riƙa bin sa, wai baƙi na son gurasata da nake gasawa a toka. Ƙarya ne. Ni ke zama a gefensa ina cewa, "Yi dama, tsoho. Dama na ce! Can fari ne." Baƙin ba sa jin Larabci, sun ɗauka faɗan mata da miji ne. Rabinsa faɗan ne.

Wata biyar muna haka. Ran nan da hantsi wasu mata 'yan Holan suka ja ni muka hau dutse da ƙafa. Na ce ya jira ni. Awwad bai san jira ba. Da muka sauko, mota ta nutse har ƙofa, taku ɗari daga tantuna, Zayid na tsaye a kanta.

"Da gangan na yi," in ji Awwad. "Baƙon da bai tona mota ba bai ga hamada ba."

Ya raba wa Turawa shebur. Suka yi ta tono suna dariya, suna ɗaukar hoto.

Zayid ya dube ni. "Umma, tun yaushe kike tuƙa motar nan da baki?"

"Tun bazara."

Ya miƙa wa ubansa hannu, sai kuma ya mayar da shi aljihu.

"Riƙe makullinka, Baba. Amma in ba Umma a gefe, ba fita."

Awwad ya ce wannan cin mutunci ne, ya kuma karɓa nan take. Ni ma na kafa nawa sharaɗin. Yanzu shi ke kwaɓa gurasa, ni ina zaune da shayina. Gishiri kan yi yawa.