Mai Zare a Cikin Furanni

Mai Zare ake ce masa tun yana saurayi, sunan kuma ya bi shi har furfura. A bayan wata babbar masaƙa aka haife shi, a cikinta ya ƙare ƙuruciyarsa, yana ƙulla zaren da ya tsinke a tsakanin injunan da ba sa bari ka ji muryar na kusa da kai. Ƙanensa ma masaƙi ne, amma a wata ƙasa.

A shekara guda aka rufe masaƙun biyu. Can inda ƙanen yake ba a ba kowa komai ba, sai ya shiga dako a kasuwa. Nan kuwa hukuma takan tallafa wa wanda aikinsa ya mutu, bisa sharaɗin ya koyi wata sana'a kafin wa'adin tallafin ya cika.

"Yaya, ashe an koma ɗan makaranta?" in ji ƙanen a waya. "Ana biyan ka ka zauna, ni ga buhu a wuya. Allah ya ɗora mana irin wahalarka!"

"Kai dai lallaɓa bayanka," in ji Mai Zare. Amma maganar ta sosa masa inda yake ƙaiƙayi, domin babu abin da yake tsoro kamar ya zama cima-zaune a gidansa.

A cibiyar koyon sana'a abokansa suka yi rububin walda da tuƙi. Shi ya zaɓi aikin lambun furanni.

Matarsa ta riƙe baki. "Maigida, furanni? Kai da ko barkono ba ka taɓa shukawa ba?"

"To, da zare a hannu aka haife ni?"

Dashen farko ruɓewa ya yi, saboda ruwan da ya yi ta ɗura masa. Na biyu ya kama. Yatsun da suka saba da ƙullin zare ba su sha wuyar ɗaure reshe a jikin reshe ba. Wa'adi na gab da cika aka ɗauke shi aiki a lambun shaƙatawa na gari. Albashin bai kai na da ba. Ƙanen, wanda yanzu yake da baro nasa na kansa, bai fasa tsokana ba: Sarkin Fure yake kiran sa.

Idan tsofaffin abokan aiki suka zauna jimamin masaƙa, yakan gyaɗa kai ya taya su. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har matarsa, cewa ranar da injunan suka yi tsit, ya ji kukan tsuntsu a kan rufi, farin ciki ya kama shi. Bai taɓa son saƙa ba.