Inci Takwas na Orval Stutzman

Duk wanda ya san Orval Stutzman a ɗan garin nan na Nebraska, da tef ɗin awo a ƙugu ya san shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kan sikelin rumbun masara yana auna motocin manoma. Ko a coci, in mata suka kawo gashin tuffa, shi ake miƙa wa wuƙa, don yankansa ba ya fin juna. Wendell, abokinsa tun na makaranta, ba ya kiransa da komai sai Sarkin Awo.

Da ya yi ritaya, matarsa Darlene ta ce ita ta gama da hunturun Nebraska. Gwiwoyinta kan kumbura da zarar dusar ƙanƙara ta sauka, har matakala ukun ƙofar gida sai ta dafa bango. Ta zaɓi tirelar kwana mai ɗaki da kicin da banɗaki, irin wadda goshinta ke hawa kan bodin a-kori-kura, a ɗaure ta saitin tayoyin baya. Da ita za su riƙa gudu Arizona su sha rana, su dawo da bazara. Saura motar ja, wannan kuwa aikin Orval ne.

Iri biyu ya tarar: mai bodi ƙafa takwas, da mai shida da rabi. Nan take ya zare tef. Faɗin tirelar ƙafa takwas ne, wato in aka karya kwana sosai, rabinta, inci arba'in da takwas, zai juyo ya nufi gilashin bayan direba. A doguwar, daga mahaɗin tirela zuwa gilashin inci hamsin da shida ne. A gajeriyar, arba'in. Giɓin inci takwas ke nan, kuma Orval ya gani da idonsa.

Sai dai ya auna garejinsa ma. Gajeriyar za ta shige a rufe ƙofa. Doguwar kuwa ba za ta shiga ba sai an fitar da teburin aikinsa, mai durowa goma sha biyu, kowace da girman ƙusoshinta.

"Wacce za mu ɗauka, tsoho?" in ji Darlene.

"Gajeriyar. Duk ɗaya ne."

"Wendell fa ya ce doguwar ta fi."

"Wendell ko faɗin gadonsa bai sani ba."

Ya sa aka ɗaura masa mahaɗi mai zamiya. Kafin kwana mai tsanani sai direba ya sauko ya ja wani hannun ƙarfe, tirela ta matsa baya, giɓin ya cike. Bai yi wa Darlene bayaninsa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Shekara arba'in tana ganin duk abin da ya auna yana zama daidai.

A sansanin tirela na Arizona akwai al'ada. In sabuwar mota ta iso, tsofaffi sukan jawo kujerun naɗi, kowa da kofinsa, su jeru su kalli ribas. Miji a sitiyari, mata a baya tana nuni da hannu ta madubi. Wendell ya riga su sauka, yana sahun gaba.

"Jama'a, ga Sarkin Awo da 'yar gajeriyarsa!" ya ɗaga murya. "Sauko ka ja mata hannu, dattijo, kada ta mare ka!"

Aka fashe da dariya. Orval ya riga ya kama marfin ƙofa zai sauko. Ya saki. Ya ce a ransa kwanar ba ta kai ba, ya murɗa sitiyari, ya taka. Darlene na bayan tirela tana ta juya hannu yadda ya koya mata. Sai ji aka yi tas! Kusurwar tirela ta shigo ta gilashin baya, ɓaraguzai har cikin wuyan rigarsa.

Ya diro. "Darlene! Ina kika kai idonki? Hagu na ce miki ko dama?"

Ta dubi hannuwanta, ta dubi mutane. "Yi haƙuri," ta ce a hankali. Ta shiga tirela ta ɗauko tsintsiya, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata tana tattara gilashi.

Wendell ya san abin da ya faru, amma bai tona ba. Ya naɗe kujerarsa ya ce, "Sai anjima, Orval." Da sunansa ya kira shi, har hunturun ya ƙare.

Gilashi kam kwana biyu aka sa sabo. Abin da bai gyaru ba shi ne Darlene. Ko a bakin kanti ya ce ta duba masa baya, sai ta ce a'a, kada ta sake jawo ɓarna. Kullum yana shirin faɗa mata, kullum sai ya ga gobe ta fi. Da kaka ta zagayo ta ce a sayar da tirelar.

"Ni ba zan ƙara tsayawa bayan mota in ba ka kunya ba. Gwiwa ce, na saba da ita."

Har mai saye ta samo, zai zo ran Asabar. Ran Alhamis dusar farko ta sauka. Orval na tsaye a gareji ya hango ta tana hawa matakala, ƙafa ɗaya, ta huta, sannan ɗayar. Ya juya ya dubi teburinsa. Ya ɗauko sukudireba.

Ƙarar katako ce ta fito da ita. Durowa bakwai na teburin suna zube a ƙasa.

"Lafiya, tsoho? Aljanu ne?"

Ya zare tef, ya ja inci takwas, ya nuna mata. Ya faɗa mata komai: lissafin da ya yi, teburin, hannun ƙarfen da ya ƙi saukowa ya ja saboda dariyar Wendell. "Ko wa ya tsaya a bayan nan, sai gilashin ya fashe. Ba ke ba ce."

Ta daɗe tana kallon tef ɗin.

"Mutum nawa ne a kujerun nan ranar?"

"Goma sha ɗaya."

"Ka ƙirga, ashe."

"Na ƙirga."

"To a gabansu ka daka min tsawa. A gabansu za ka maimaita wannan."

Aka ba mai saye haƙuri, aka yi musayar gajeriyar motar da doguwa. A watan Disamba wata tsohuwar a-kori-kura mai bodi ƙafa takwas ta shigo sansanin da tirela, Darlene a sitiyari. Kujeru suka jeru. Orval ya sauko ya cire hula, ya tsaya gabansu ya fara magana, wuyansa ya yi ja.

"Ƙara murya, Sarkin Awo," in ji Wendell. "Kunnena ɗaya ya mutu."

Ya ƙara, ya faro daga farko. Da ya gama ya zagaya baya ya ɗaga hannuwa inda za ta gan shi a madubi. Sai a karo na uku ta shigar da tirelar, kuma ta ɗan karkace. Hannunsa ya tafi ƙugu.

Darlene ta leƙo ta taga. "Taɓa tef ɗin nan ka gani."

Ya mayar da hannun aljihu.