Yusha'u mai zare filogi

Shekara shida ke nan da muka raka ƙanena Yusha'u makwancinsa a Makarfi. Ni na girme shi, kuma a lissafina shi ya kamata ya yi mini irin wannan rubutu, amma Allah bai tsara haka ba.

Ni tsohon malamin firamare ne da ya koma gonar rake. Shi kuwa injiniya ne, mai rubuta manhajar da ake dasawa a cikin ƙananan na'urori, irin ɗan allon lantarkin nan da bai kai tafin hannu ba, wanda ke tafiyar da aikinsa ba tare da kowa ya tsaya a kansa ba. Ya ƙera wasu akwatuna ya maƙala wa injinan ban ruwa na masu tumatir a Kurmin Kogi. Akwatin ne ke lura da rijiya. In ruwa ya ja baya, sai ya kashe inji kafin ya ƙone, in ya dawo ya sake kunna shi.

Yusha'u yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni haushi. Duk abin da ya haɗa, sai ya bari yana tsakiyar aiki, sannan ya kai hannu ya zare filogi. Ko a gaban masu saye haka yake yi. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Kai Yusha'u, mutane sun zo ganin abu yana aiki, kai kuma kana kashe shi?"

Ya ce, "Yaya, a ƙasar nan ba a sallama kafin a ɗauke wuta. In akwatin ya farka ya manta inda ya tsaya, injin wani ne zai ƙone. Gara ya kunyata ni a gabanka da ya kunyata ni a gonar mutane."

Abu ɗaya ya rasa, shi ne takardar shaidar ƙwarewa a wannan fanni. Kullum yana cewa zai zauna jarrabawar in aikin rani ya lafa, har ciwo ya kwantar da shi. Bara sai rashin takardar ya biyo mu. Ƙungiyar manoman ta samu sababbin injina masu amfani da sola, waɗanda suka kawo su kuma suka ce ba za a jona musu wata na'ura ba sai mai satifiket ya duba ta, ya sabunta ta, ya sa hannu. In ba haka ba, a cire akwatunan. Ban ga laifinsu ba, kayansu suke karewa. Amma da na ji za a kwance aikin ƙanena a zuba a buhu, abinci bai yi mini daɗi ba.

Babbar 'yarsa Zulai, wadda ta karanci aikin kwamfuta, ita ta ce za ta zauna jarrabawar. Na tambaye ta me ake nema a wurin mutum, ta zauna a zaurena ta yi mini bayani yadda nake yi wa 'yan aji uku. Sai ka iya harshen kwamfuta da ake kira C. Sai ka iya tsimin ƙwaƙwalwar na'urar, don 'yar ƙarama ce, ba ta ɗaukar almubazzaranci. Ayyuka da yawa ke jiran na'ura ɗaya, kai za ka tsara wanda zai fara da wanda zai jira, kamar rabon ruwa a fadama, kuma in na gaggawa ya taso dole sauran su ba shi hanya. Sai ka karanta takardun masu ƙera allon, ka sa manhajar ta yi magana da abin auna ruwa. Mafi wuya, in ji ta, shi ne farautar kuskuren da ba ya fitowa sai ya ga dama. Na gyaɗa kai kamar na gane duka.

Ranar jarrabawar aikin hannu ta dawo fuskarta ba walwala. Ta ce, "Baffa, ban gama ba. Na haɗa komai yana aiki, saura in gyara abin da allo ke nunawa. Kafin in yi tunani hannuna ya zare filogi. Da na mayar, na'urar ta rikice. Sauran lokacin duk a wurin gyara wannan ya ƙare."

Na ce, "An ce ki zare?"

Ta ce, "Ba wanda ya ce."

Na rasa ko in yi mata faɗa ko in yi kuka, don uban na gani zaune a gabana. Muka yi ta jira da addu'a. Da sakamako ya fito, ta ci. Ba ita ce ta ɗaya ba, an rage mata maki a kan abin da ba ta ƙarasa ba, amma takardar ta zo da sunanta da sunan Yusha'u a bayansa. Ba na ɓoyewa, na yi alfahari har na gunduri 'yan majalisarmu da labarin.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Sola ta cika fadamun Ikara da Kudan, manomi na duba injinsa ta waya. Na san zai yi murna, kuma na san kafin a gama yi masa bayani zai fara laluben inda filogi yake.

Ranar da Zulai ta jona akwatin farko da sabon inji a Kurmin Kogi, manoma sun taru, ruwa na kwarara cikin kwamin tumatir. Na ɗauka an gama. Sai ta juyo ta nuna mini filogin, ta ce, "Baffa, zare."

Ni da na yi shekaru ina hana ubanta. Na kai hannu na zare. Inji ya yi tsit. Na mayar. 'Yar fitilar akwatin ta kama, ya auna rijiya, inji ya tashi, ruwa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Yusha'u bai bar gidan bene ba, bai bar satifiket ba. Ya bar akwatuna a bakin rijiyoyi, da 'yar da ba ta yarda aiki ya ƙare ba sai ta gan shi ya mutu ya tashi. Allah Ya jiƙan ka, ƙanena. Filogin da na hana ka zarewa, bana da hannuna na zare shi.