Yadda Kwando Ya Raba Ni Da Hulata

Ko da tsufa zai kwashe mini komai a kai, har in riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina, akwai abu ɗaya da ba zai tafi da shi ba: yaƙin da na gwabza da wata tsohuwa a bakin tekun Italiya. Yaƙin kwana shida ne, ba bindiga ba takobi, sai kwando da igiya. Kuma tun yanzu ina gaya muku, ni aka ci.

A lokacin ina direba a Riyad, a gidan wani Balarabe a unguwar Nasiriya. Shi ne kafilina, wato mai riƙe da takardar zamana a ƙasar, kuma na daɗe a gidan har yaransa na kirana kawu. Wata shekara da zafi ya yi zafi, irin wanda sitiyari ke ƙona tafin hannu, sai maigida ya ce bana Italiya za su hutu, kuma da ni za a je don a samu mai tuƙi. Aka kai ni unguwar ofisoshin jakadanci, aka ɗauki zanen yatsuna, aka buga mini biza. Ni da karatun bokona ya tsaya a aji huɗu, ga ni zan shiga Turai.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan taru a ɗakin wani abokina a unguwar Ulaisha, mu ci shinkafa mu yi ƙarya. Bazazzagi ne, ni kuwa Bakano, don haka ba sai na yi bayanin irin zaman da muke yi ba. Da na ba da labarin tafiyar, sai ya ajiye kofin shayi.

"Kai Bakano, me ka sani game da Italiya? Ni shekara uku na yi ina gadin gidan ɗan ƙasar."

Na ce, "Ƙofarsa ka sani, ba ƙasarsa ba."

Bai kula ni ba. Ya yage bayan kwalin shayi ya rubuta mini abubuwa uku da ya ce duk wanda bai yi su ba bai je ba: in shiga kwalekwale in ga kogon da ke cikin ruwa, in sha wata ƙanƙara mai zaƙi da suke kira jelato, in hau dutse in ga rana tana faɗawa teku. Sannan ya rage murya kamar mai wasiyya. "Kuma ka tafi da guzurinka. Mutanen can ko ruwa ba sa ba wa baƙo. Kowa kansa ya sani."

Wannan maganar ce ta ja mini komai. Na cika jaka da dabino, da garin gahawa, da kilishin da aka aiko mini daga gida, da 'yar kwalbar turare. Na ɗora hulata ta Juma'a, ɗinkin hannu, wadda shi Bazazzagin ya shekara biyu yana roƙona in bar masa.

Ƙauyen da muka sauka, gidajensa a manne suke jikin dutse, wannan bisa wannan, ja da ɗorawa da shuɗi, kamar jeren kwanuka a ɗakin amarya. Ruwan tekun kuwa sai ka rantse wani ya zazzage masa marinar Kano gaba ɗaya. Sai dai abin kunya na farko: mota ba ta shiga garin. Matakala ce hanya, hawa da sauka. An ɗauko direba tun daga Riyad, an kawo shi inda ko keke ba ya aiki. Daga ranar na zama ɗan dako.

Da safiyar farko ina zaune a ƙofar gida da carbi, sai na ga kwando yana saukowa a hankali daga tagar bene na uku a gidan da ke kallonmu. Na ɗaga kai. Wata tsohuwa ce 'yar firit, cikin baƙaƙen kaya, riƙe da igiya. Na leƙa kwandon, babu komai. Nan take zuciyata ta karye. Na ce Allah sarki, ashe Bazazzagi ya yi gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa. 'Ya'yanta sun watsar da ita, kunya ta hana ta saukowa bara, shi ne take turo kwando. Na shiga ciki na cika hannu biyu da dabino na zuba mata.

Ta ja, ta leƙa, ta dube ni, sai ta fara magana. Bakinta na yi, hannuwanta na yi, har kafaɗunta na yi. Na dafa ƙirji na ce, "Ba komai, Iya, sadaka ce. Allah ya shirya 'ya'yan zamani."

Ban rufe baki ba sai ga mai kifi ya hawo yana kiran ciniki. Kwando ya sauko, ya saka kifi, kwando ya hau. Mai burodi ya zo, aka yi haka. Sai na ji dariya a saman kaina. Maigida ne a baranda, har yana share hawaye.

"Ya Hajji, ka san wa ka ba sadaka? Ita ce mai gidan nan da muka kama haya. Gonar lemon nan ta kan dutse ma tata ce. Matakala ce ba ta son sauka, haka duk tsofaffinsu ke cefane."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na gode mata. Ina tsaye ina tunanin inda zan sa fuskata, sai ga kwandon nan ya sake saukowa daidai hancina, da lemon tsami guda biyar, kowanne ya kai dunƙulen hannu. Ta nuna ni da yatsa, ta nuna kwando.

To ni mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, abu ɗaya ta dake ni a kansa ina yaro: kwanon da ya shigo gidanmu da abinci ba ya komawa wayam. Ko gyaɗa ce sai a zuba. Don haka na kwashe lemon, na saka kilishi. Na ce shi ke nan, mun yi daidai.

Ashe buɗe fage na yi. Washegari kwando ya zo da burodi mai zafi da man zaitun, na mayar da gahawa. A rana ta uku ya zo da soyayyun ƙananan kifaye, na mayar da sauran dabino. Maigida ya tambayi mai shagon unguwar ko me ke faruwa, ya dawo yana girgiza kai. Wai ta ce su ma a gidansu ba a karɓar kyauta a yi shiru, tun zamanin kakarta, kuma ba baƙon da zai zo unguwarta ya fi ta hannu. Na ce to madalla, an gamu.

Kada ku ce ban bi takardar Bazazzagi ba. Na shiga kwalekwalen, na ƙanƙame gefensa, na karanta duk surar da na haddace har da waɗanda na ɗauka na manta. A cikin kogon, ruwa na haske daga ƙasa kamar an kunna masa fitila, na yi ta tasbihi. Na sha jelato, haƙorana suka kai ƙarata, amma na ƙara na biyu. Na hau dutsen ina tsayawa kowane taku ashirin kamar mai duba gona, na ga rana ta yi ja ta nutse. Abu ne mai kyau ƙwarai. Sai dai a duk wuraren nan jikina ne kawai ya je. Hankalina na kan jakata, me ya saura a ciki.

A rana ta huɗu ta aiko da taliya da miyar tumatir, tare da saƙo ta bakin mai shago cewa in ci hankalina kwance, ba alade, ta ga ina salla. Wannan kam ya taɓa ni. Na cinye tas, na ba da ƙarshen kilishina. Zuwa lokacin unguwar ta gane. Da safe mata na leƙowa ta taga, mai kifi na ajiye tirensa ya naɗe hannu kamar alƙalin dambe.

Maigida ya ce, "Halas, ya Hajji, ka bari haka. Ka karɓa ka yi godiya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba maganar abinci ba ce. Mutuncin Kano ne a cikin kwandon nan."

Na shirya dabara. Na ɓoye kwalbar turaren nan sai ranar tafiya. Da safe, an ɗaure kaya, jirgin ruwan da zai kai mu inda mota take yana jira a ƙasa. Kwando ya sauko da wani abu mai zaƙi na lemo a cikin kwalba. Na ɗauka, na jefa turare, na sunkuci akwati biyu na kama gangara ina murmushin wanda ya ci. Abin da ban sani ba, gidanta na da wata tagar ta baya, kuma matakalar ta ƙarƙashinta take bi. Ina shan kwana, kwando ya tare ni a ƙirji, da waina irin tasu a naɗe cikin ƙyalle.

Na laluba aljihu. Fasfo, takardar zama, carbi. Ba wanda zan iya bayarwa. Mai kifi ya biyo ni, mata sun cika tagogi, maigida na kiran "yalla, yalla" daga ƙasa. Na tuna mahaifiyata. Na tuna Bazazzagi. Na ce gara teku ta ga sanƙona da in mayar da kwano wayam. Na cire hulata ta Juma'a, na karkaɗe ta, na ajiye a ciki.

Wanda ya san dattijon Bahaushe ya san abin da ake nufi da ya tsaya a titi kai ba hula. Tsohuwar ta ja kwandon, ta juya hular tana shafa ɗinkin da yatsa, sai ta ɓace daga tagar. Jirgi ya yi ƙaho. Har na ɗauki akwati, sai ga igiya na saukowa a hankali. A ciki akwai wata hular ulu mai ɗan baki a gaba, ta sha jiki amma a wanke tas. Ta nuna baƙaƙen kayanta, ta nuna teku, ta nuna sama. Ba sai an fassara mini ba. Ta marigayi mijinta ce.

Na sa hannu biyu na ɗauka. Kafin in ɗago kai, fit, ta fizge kwandon sama kamar mai jan guga, ta rungume shi, ta ƙyalƙyale da dariya, ta rufe taga. Karo na farko a rayuwata kwano ya bar hannuna ba komai. Mai kifi ya ɗaga hannu sama, unguwa ta ɗauki tafi. Na ɗora hular a kai na gangara, idona ya cika, na ce wa maigida iskar teku ce.

Juma'ar da ta biyo na shiga ɗakin Ulaisha da ita a kaina. Sai da aka ba Bazazzagi ruwa don dariya.

"Bakano ya tafi Alhaji ya dawo mai kamun kifi! Ina hulata?"

"Hularka? Tana Turai, ta riga ka zuwa."

"To ka ga kogon? Ka sha jelaton?"

Na ce duk na yi, amma takardarsa ba ta cika ba, ya bar na huɗu wanda ya fi su, wato yaƙin kwando. Kuma mutanen da ya ce ba sa ba da ruwa, ga shi wandona ya ƙi ɗauruwa.

Yanzu na dawo gida na ajiye tuƙi, hular na rataye a ƙusa kusa da carbi. Abin da ta koya mini shi ne in daina yi wa mutum hukunci daga ganin kwandonsa, kuma in daina zaton alheri a gidanmu kaɗai aka raba shi. Har da na uku, wanda ya fi mini wuya: wani lokaci girman mutum shi ne ya karɓa, ya yi godiya, ya bar ɗan'uwansa ya ci. Ni dai sai da tsohuwa ta fizge igiya kafin in gane.