Tiren Innar Auta

A layin maƙera, shagon da ke jikin famfo shi ne na Mai Tagulla. Sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane tun tuni, shi ma bai damu ya tuna musu ba. Bahago ne, guduma a hagu, kurfi, ƙarfen da yake zane da shi, a dama. Tun yana saurayi yake zaune a kan ninkakken buhu yana bugun tire. Zai ɗauko fallen tagulla, ya zagaye shi da ƙusa da zare, ya yanke da almakashi, ya goge baki da magagari, ya tayar da gefe, sannan ya duƙufa zanen fure ɗigo bayan ɗigo. Furensa hagu yake juyawa, da haka ake gane aikinsa ko a gidan wa aka gan shi.

Abin haushin, gida ɗaya ne a garin babu tirensa, wato gidansa. Matarsa, Innar Auta, a tiren roba mai hoton tuffa take kawo masa shayi, har tuffar ta koɗe ta koma kamar dankali. Ba wai bai taɓa fara nata ba. Ya fara ya fi a ƙirga. Da ya kai rabi sai wani ya leƙo ya ce ga wanda yake so, shi kuwa bai iya cewa a'a ba.

"Naki na musamman ne, Innar Auta," haka yake ce mata. "Ba a yi masa gaggawa."

"To, Allah ya nuna mini shi da sauran haƙorana," in ji ta, tana dariya.

Ana haka hannun hagu ya fara rawa. Da fari sai in ya ɗaga kofi, daga baya har yana zaune. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce abin gaba zai riƙa yi, in akwai aikin da yake son gamawa ya gama shi yanzu. Mai Tagulla ya dawo gida. Ya dubi tiren roba a kan tabarma, kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Matsalar, tagullar kirki ta ƙare a kasuwa. Sai wata shara-shara, kana taɓa ta da kurfi ta tsage. Ya rantse ba zai yi wa matarsa tire da wannan tarkacen ba. Sai ya kira ɗansu Auta, wanda ke aiki a wurin gyaran jiragen ruwa a ƙetare, ya ce ya aiko masa da fallaye masu kauri, masu amsa guduma.

Auta ɗan kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya jawo komai. Ya san almakashi ya fi ƙarfin hannun babansa yanzu. Don haka bayan an tashi aiki sai ya tsaya ya yanke fallayen da inji suka zama da'ira, ya goge bakinsu sumul don kada su yanki tsoho, ya wanke fuskarsu har suna ɗaukar ido, ya huda ramuka biyu-biyu a gefe inda mariƙi zai shiga. Bai faɗa wa kowa ba, so yake baba ya buɗe akwati ya yi mamaki. A takardar kaya kuwa ya rubuta abin da aka ce ya aiko, fallen tagulla.

Akwati ya iso tashar jiragen ruwa, kwastam suka riƙe shi.

Mai Tagulla ya sa rigarsa ta fita ya tafi. Ofishin dogon ɗaki ne mai bencina da fanka ɗaya da ke juyi kamar an yi mata dole. Jami'ar da ke duba kayan ƙarfe mace ce mai furfura, tabarau rataye a wuya. Ta kai shi sito, ta sa aka buɗe akwatin, ta yi masa bayani a hankali. Kowane kaya da zai shigo ƙasa yana da lambarsa. Fallen tagulla da ba a sarrafa ba lambarsa daban, kauri kawai ake aunawa a sallame shi. Amma in an yi masa aiki har ya ɗauki kamar kayan amfanin gida, ya bar wannan lambar ya koma wata, ita kuwa sai da izinin wani ofishi.

"Baba, takarda ta ce falle, idona kuma tire yake gani," ta ce. "Ga shi a zagaye, ga sheƙi, ga ramin mariƙi."

"Tire? 'Yata, ina gefensa? Ina furensa? Ki ɗora kofi a kai ki karkata shi ki ga inda kofin zai kwana."

"Na ji ka. Amma ka ji shawarata. Ka sa hannu a kan cewa tire ne, a nemi izini, ba zai daɗe ba. In ka ce ba ka yarda ba, sai maganar ta tafi gaban kwamiti, su kuma ba kullum suke zama ba."

Wallahi matar nan gaskiya ta gaya masa, kuma don Allah ta faɗa. Amma Mai Tagulla ya kafe. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana mayar da falle tire, a ce ya sa hannu cewa abin da guduma ba ta taɓa ba tire ne? Ya mayar mata da bironta, ya ce a kai kwamitin.

A gida Innar Auta ta yi lallashi har ta gaji. "Malam, su kira shi tukunya ma in sun ga dama, kai dai ka karɓo kayanka." Auta ya kira yana ba da haƙuri, yana cewa laifinsa ne. Tsohon ya ce masa ba komai, Allah ya yi albarka. Sai da ya ajiye waya ya faɗa wa matarsa abin da ke cin ransa.

"In na yarda tire ne tun a akwati, to na Auta ne ke nan. Ni nawa nake son ba ki."



Kwamiti ya ɗage zama, ya sake ɗagewa. Aka nemi hoto, aka nemi awo, aka ce wanda zai duba ya tafi hutu. Mai Tagulla ya zama ɗan gida a bencin nan, har masu gadi sun san shi. Jami'ar in ta wuce sai ta gaishe shi, idonta ya sauka kan hannun da yake dannewa a ƙarƙashin cinya. Damina ta zo ta wuce. Ya daina iya sa maɓallin riga. Wata safiya cokali ya suɓuce masa, ya bi shi da kallo, ya tashi ya tafi ofishin bai ko karya ba.

"Kawo takardar, 'yata. Tire ne."

Biron ma ya kasa riƙe shi, sai dangwala yatsa ya yi. Izini bai ɗauki lokaci ba, kamar yadda ta faɗa tun farko.

Da aka kawo akwatin, ya ce a buɗe masa shago. Innar Auta ta bi shi, abin da ba ta saba ba. Ya zaɓi falle ɗaya, ya shafa bakinsa da ɗan yatsa, ya ji yadda yaron ya goge shi ba ƙaya ko ɗaya. Ya zauna a kan buhunsa, ya saita kurfi a tsakiya, inda fure ke farawa. Ya ɗaga guduma. Bugun farko ya sauka, ya bar ɗan ɗigo. Na biyu ya kauce ya sami babban yatsansa. Na uku bai zo ba, gudumar ta faɗi ta gangara ƙarƙashin benci. Ya zauna yana kallon hannunsa, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Innar Auta ta sunkuya ta ɗauki fallen, ta goge shi da gefen mayafinta.

"Kawo nan," ya ce. "Ban gama ba. Ko gefe babu."

"Ka gama, Malam. Ga hannunka nan a tsakiya."

Tun daga ranar a kansa take kawo masa shayi, tana tafe a hankali, hannu bibbiyu, don ba abin da zai tare kofi in ya zame. Haka ta yi har ya kwanta, haka ta yi har ya rasu. Tiren roba kuwa ta ba yaran maƙwabta suna wasa da shi.

Ranar da maƙeran layin suka zo gaisuwa, a kan fallen ta kawo musu ruwa. Ɗaya daga cikinsu, abokin marigayin, ya juya shi a hannu ya ce, "Inna, ai wannan falle ne. Ki ba ni in tayar miki da gefe, in ƙarasa furen."

Ta karɓe abinta ta rungume a ƙirji.

"Bar shi haka," ta ce. "Tire ne. Shi da kansa ya sa hannu."