Jiran Ranar Da Ƙungiyar Bature Za Ta Ci

Ban taɓa zuwa Holand ba, kuma ina jin ba zan je ba. Amma akwai kakar wasa guda da na bi wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta can, tun daga wasanta na farko har na ƙarshe, a lig da kofi, ina tsaye a rumfar gadi a Doha. Ba son ƙwallo ne ya kai ni ba, ko dai ba da shi na fara ba. Aiki nake nema.

Aikin injiniya na karanta a jami'a, ɓangaren gine-gine da hanyoyin ruwa. Na yi bautar ƙasa, na zauna gida ina aika takardu har na fara jin nauyin fita ƙofar gida da hantsi, sannan wani ejan ya samo mini bizar gadi. Aka ce in dai na shigo, saura mai sauƙi ne. Kamfanin da ya ɗauke mu ya ajiye ni a ƙofar wani wuri a bayan gari inda ake haƙa babbar magudanar ruwa. Aikina in duba katin shiga, in ɗaga sandar ƙofa, in sauke. Irin abin da na yi shekaru ina zanawa a takarda shi ake yi a cikin ramin, ni kuwa iyakata ƙofa.

A takarda an ce mutum yana iya sauya aiki. Amma duk wanda na sani da ya sauya, sai da wani babba a sabon kamfanin ya tsaya masa, ya neme shi da suna, kafin kafil, wato wanda ya ɗauki nauyin bizarsa, ya sake shi. Babban da ni nake gani kullum mutum ɗaya ne: shugaban injiniyoyin wurin, Bature ɗan Holand, dogo mai furfura, wanda yake tuƙa motarsa da kansa. Shi kaɗai ne a cikin manyan yake sauke gilashi ya miƙo katinsa, ko da na riga na gane shi.

A watan Agusta, lokacin da gumi yake jiƙa mutum tun kafin ya hau bas, na ga wani mayafin wuya na ulu shimfiɗe a gaban motarsa. Wata safiya na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko sanyi yake ji. Ya yi dariya, ya ce na ƙungiyar garinsu ne, kuma a ƙarshen makon za a fara lig. Ya faɗi sunanta, na maimaita, ya gyara mini, na sake, ya ce ya isa kada in ji wa maƙogwarona ciwo. Ya ce garin ƙarami ne, filin wasansu ma haka, mahaifinsa ne yake kai shi a bayan keke yana yaro, kuma duk shekara abin da suke roƙo shi ne kada su faɗa rukuni na biyu. Motoci sun yi layi a bayansa suna danna ham, bai damu ba.

Da na koma Mansura, unguwar da nake kwana, na ba wa Kawu labari. Kawu ba ɗan'uwana ba ne, direba ne ɗan Funtuwa da ya daɗe a ƙasar, gadonsa yana ƙasan nawa a ɗakin da muke haya mu da yawa, kuma kowa haka yake kiransa. Shi kuma Injiniya yake ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana. Ya saurare ni yana shan shayin madarar nan da suke kira karak, ya ce Allah ya buɗe mini ƙofa, amma in bi a sannu. Ya ce ba a kai wa babba buƙata sai an ga fuskarsa a sake, labarin zuciya a tambayi fuska. In jira ranar da ƙungiyar tasa ta ci wasa, in taya shi murna, in ya washe baki sai in shigo da tawa. Ni ma haka na taso na ga ana yi. Mahaifina ba ya zuwa wurin mai unguwa da magana sai ya fara aika a dubo masa yadda ya kwana.

Na fara bibiyar ƙungiyar a waya. Na koyi sunayen 'yan wasan, na san wane ne kyaftin, wane ne aka karɓo aro, wane ne gwiwarsa ba ta barinsa ya gama wasa. Ina karanta sharhin jaridunsu ta hanyar fassarar waya, wadda wani lokaci take cewa mai tsaron raga ya ci kifi, in zauna ina lalube. Wasan farko an doke su. Na biyu canjaras. Na uku aka yi musu ruwan ƙwallaye a gida.

Ranakun Litinin ya zama yana tsayawa. Zai sauke gilashi ya girgiza kai, ni kuma in ce masa 'yan bayan nan ba sa komawa da wuri, ko in ce kocin ya makara wurin canji. Ya fara kirana Koci. Yakan ce da ni aka ba wa ƙungiyar da sun fi haka. Ina da takarduna a cikin leda a aljihun tebur na rumfar, amma mutumin da aka ci ƙungiyarsa jiya, ta ina zan fara? Sai in yi masa jaje in ɗaga sanda.

Kawu kuwa ya samu abin yi. Shi wata babbar ƙungiya ta Ingila yake goyon baya, kamar sauran 'yan ɗakin. In ya gan ni na duƙufa a kan waya da yammacin Asabar sai ya ce, "Injiniya, yau ma an yi muku rashin? Duk ƙungiyoyin duniya ka rasa wadda za ka ɗaura wa arzikinka sai wadda ko sunanta ba ya faɗuwa." In ce masa ai shi ya ba ni shawarar. Ya ce shi ya ce in jira su ci, bai san ba sa ci ba.

Sun ci, a gaskiya. Cikin kaka sun doke wata ƙungiya da take kusa da su a ƙasan teburin lig. Na goge yunifom, na shirya abin da zan faɗa da Turanci, na maimaita shi a bas har na kusa da ni ya ɗauka wuridi nake yi. Da motar ta iso sai na ga akwai baƙi biyu a ciki, manya daga hedikwata. Ya ɗago mini babban yatsa ta gilashi ya wuce. Washegari na ga kamar murnar ta huce, kuma Asabar ta gaba aka sake cin su.

A kofi ne abin ya zo da mamaki. Wasannin kofi a tsakiyar mako ake yi, ni kuma ina kwanciya da wuri saboda bas, don haka da asuba nake ganin sakamako. Sun fitar da wasu ƙananan ƙungiyoyi biyu, babu wanda ya kula. Sai aka haɗa su da ɗaya daga cikin manyan ƙasar, irin waɗanda har 'yan ɗakinmu sun san sunansu. Na tashi sallah na duba, na ga sun fitar da su a bugun fenareti. Na tashe Kawu na nuna masa. Ya murje ido ya ce, "To yalla, maza, yau ce ranarka. In ka dawo da takardun nan kada ka yi mini magana."

Baturen bai tsaya a gilashi ba ranar. Ya ajiye motar a gefe ya fito, ya kama hannuna da hannu biyu yana jijjigawa. Ya ce bai yi barci ba, ya kira mahaifinsa da yake gidan tsofaffi sun yi ta ihu a waya. Sannan ya koma mota ya ɗauko wani gwangwani na biskit ɗin ƙasarsu, mai zuma a tsakiya, ya ce matarsa ce ta aiko, ya ajiye mini ne don rana irin wannan. Ya nuna mini yadda ake ɗora shi a bakin kofin shayi mai zafi har ya yi laushi.

Na tsaya riƙe da gwangwanin. Teburin yana bayana, taku biyu. Amma mutum ya fito daga motarsa ya ba ka kyauta da hannunsa, sai ka ɗora masa roƙo a kai? A wurinmu wannan shi ne a ba ka hannu ka kama kafaɗa. Kuma na ji tsoron kada ya waiwaya ya ga duk hirar Litinin ɗin nan ashe tarko ce. Wataƙila da farko hakan take, amma a ranar ni ma murna nake yi ta gaske, ban san yadda zan raba biyun ba. Na yi godiya, na yi masa fatan kofi, na ɗaga sanda.

Kawu bai ƙi yi mini magana ba. Ya ci biskit, sannan ya ce shi ma da shi ne da bai iya ba, kyauta tana ɗaure baki. Ya ce in bari kwana biyu. A cikin kwana biyun Baturen ya tafi gida hutun ƙarshen shekara, lig ɗin ma ta tafi hutu. Bayan ya dawo, cikin sanyin Janairu, na fara ganin sababbin fuskoki a ƙofa, samari sa'o'ina da fararen hulunan kwano sababbi fil. Ni nake duba katinsu. An rubuta mataimakin injiniya. Na gaya wa kaina daga hedikwata aka turo su, ba lallai ne da hannunsa a ciki ba.

Zagaye na biyu na lig ya fi na farko muni. An sayar da ɗan gabansu guda da yake iya cin ƙwallo. An kori koci, aka kawo wani, ya fara da canjaras aka ce an samu canji, sannan aka koma yadda ake. Kofi ne kawai ya rage, sun kai wasan kusa da na ƙarshe, ni kuma na mayar da komai kansa. Na ce in suka kai wasan ƙarshe, ko kyautar me ya ba ni zan yi magana. Cikin azumi aka buga. Da sahur na duba: an ba kyaftin jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, sauran ba sai an faɗa ba. Inna ta kira a makon, ta tambaya ko maganar aikin da na ce ina bi ta faɗa. Na ce ana nan ana kai. Ta ce tana sa ni a addu'a, har da Baturen. Ban gaya mata cewa akwai wasu mutum goma sha ɗaya da suka fi mu buƙata ba.

Daga nan Baturen ya rage tsayawa. Yakan sauke gilashi ya ce, "Koci, khalas," ya wuce. Kalmar Larabcin da na taɓa ji a bakinsa ke nan kaɗai, wato an gama. Ni kuma ina ta lissafin wa zai kara da wa, in wancan ya faɗi wannan ya yi canjaras ko za su tsira. Wasan ƙarshe na lig ranar Lahadi ne da yamma, ina bakin aiki, na bi shi a waya a ɓoye ƙarƙashin tebur. Suna buƙatar nasara, suka tashi babu ci. Suka faɗa rukuni na biyu.

Ranar Litinin ya ajiye motar a gefe kamar wancan karon. Na yi masa jaje yadda ake yi a gida, na ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, baɗi su dawo. Ya ce ya gode, kuma dama yana so ya yi mini sallama, ƙarshen wata zai koma gida gaba ɗaya, an gama ɓangarensa na aikin. Ban san lokacin da na juya na jawo ledar ba. Ranar da ta fi kowace rashin dacewa, a ita na miƙa.

Ya karanta a tsaye cikin rana, shafi bayan shafi. Ya ɗago ya dube ni.

"Kai injiniya ne?"

"Eh, Yallaɓai. Na dai karanta."

"Tun yaushe wannan take nan?"

"Ta ɗan jima."

"A Janairu na ɗauki mutane. Ni na zaɓe su. Me ya sa ba ka faɗa ba? Kullum muna magana."

Na ce ina jiran lokacin da ya dace, ban so in dame shi ranar da ransa yake a ɓace. Ya dube ni kamar yana fassara maganar zuwa harshensa, ya ga ba ta shiga. Sannan ya ce a garinsu in mutum zai jira sai ƙungiyar nan ta ci kafin ya yi magana, da babu wanda ya taɓa yin aure. Ba da dariya ya faɗa ba. Ya ce yanzu ba shi da ikon ɗaukar kowa, amma zai ba wanda zai gaje shi takardun, zai kuma sa baki, sai dai ba zai yi mini alkawari ba. Na yi imanin ya bayar. Bai yi kama da mai faɗar abin da ba zai yi ba.

Har yau ban yanke hukunci ba ko kuskure na yi. Wani lokaci ina ganin haka, wani lokaci kuma in tuna gwangwanin a hannuna in ga ko yau aka maimaita ba zan iya ba. Kawu yana cewa rabo ne bai tsaga ba.

Wanda ya gaje shi kuwa, direba ne yake tuƙa shi, yana zama a baya, gilashi a rufe. Direban ne yake miƙo katin. Babu wanda ya kira ni. Da kwantiragina ya ƙare kamfanin gadi ya kawo sabo, na sa hannu. Kawu ya ce in tare motar wata safiya in tambaya ko takardun sun isa, tunda dai an riga an gabatar da ni. Na ce masa zan yi, amma mutumin bai daɗe da zuwa ba, kullum kansa a kan waya yake, gara in bari ya zauna tukuna.