Bokitan da Goggo Ta Jera

Shekarar da na fara ɗinki da keken kaina, famfon unguwarmu na Briqueterie ya ƙafe. An haƙa hanya, an yanke bututu, aka tafi aka bar mu. Mako uku muna gangarawa rafi muna ɗebo jan ruwa, yara na ta gudawa.

Zamanin mulkin Shugaba Ahidjo ne, mutum biyar ba sa tsayawa a bakin titi su ɗaga murya. Duk da haka samarin mahauta suka ce za su je ofishin masu ruwa da duwatsu. Goggona, yayar mahaifina, mai tuyar ƙosai, ta tare su a ƙofar gida.

"Ku jefa dutse ɗaya, gobe ba wanda zai ƙara maganar ruwa, maganar dutsenku za a yi," in ji ta. "Ku koma kan namanku. Ku bar mana mu mata."

Ta bi gida gida tana gaya wa mata yadda za a yi. Kowace mace ta ɗauko bokiti wanda ba komai a ciki, da tsintsiya. Mu fita bibbiyu kamar masu zuwa kasuwar Mokolo, ba waƙa, ba zagi. Da muka isa ta sa muka share gaban ofishin tas, muka jera bokitan a gefe, muka bar wa ma'aikata hanya, muka zauna.

Da hantsi jandarmomi suka iso. Goggo ta miƙe a hankali, ta gaishe da babbansu da Fulatanci, don ta ga ɗan arewa ne.

"Ɗana, ba faɗa ya kawo mu ba. Ruwa muke jira. In an ce mu tashi za mu tashi, gobe mu dawo."

Ya dubi bokitan, ya dubi wurin da muka share. Ya ja mutanensa gindin mangwaro suka tsaya.

Washegari matan unguwar Nkomkana suka zo da nasu bokitan, yawancinsu ba Musulmi ba, ba ma jin yaren juna sosai. Wata ta kawo gasasshiyar ayaba a daro, Goggo ta ce a fara miƙa wa jandarmomin. Direbobin tasi na rage gudu suna tambaya, labari ya kai ko'ina.

Rana ta huɗu shugaban ofishin ya fito da kansa, ya yi magana da Faransanci, ni na fassara. Goggo ba ta roƙe shi ba, ranar da ruwa zai dawo kawai ta ce ya sa.

Ya ce Asabar. Sai Litinin ruwan ya zo, da laka a farkonsa, muna tsaye muna kallo har ya washe.